Haƙƙin da Filin Burmi ke Bin Mu

A lambun Gamji da ke bakin Kogin Kaduna akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. Gwamna Lugga ne ya sa aka kafa ta a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo Kaduna a 1954, kuma tun 1956 doka ta san da zamanta, domin tana cikin rukunin farko na abubuwan da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Duk wanda ya lalata ta ya yi wa tarayyar Nijeriya laifi. Ba ni da ja a kan wannan, gadar ta tsufa kuma tana da nata labarin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne filin da sojojin wannan Lugga suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da mutum fiye da 600 a wuni ɗaya, shekara guda kafin a kafa gadar, ba ya cikin jerin wurare 65 da aka daɗe ana lissafawa a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Babu Burmi a ciki, babu Giginya, babu Satiru.

Ni mutumin ƙasar Gombe ne, kuma koyar da tarihi na yi a makarantun sakandare har na ajiye alli. Burmi, wadda mutanen wurin ke kira Mbormi, tana cikin ƙaramar hukumar Funakaye, kusa da Bajoga, ba nisa da Kogin Gongola. Motocin da ke lodin siminti a Ashaka ta wannan yanki suke bi dare da rana. Garin kansa babu shi, Turawa sun ƙone shi bayan yaƙin kuma ba a sake zama a cikinsa ba. Abin da mutum zai tarar shi ne gonaki, da kabarin Sarkin Musulmi, da na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci harin ya kuma mutu a cikinsa. Na koyar da yaran da aka haifa tafiyar sa'a guda daga wannan wuri, waɗanda suka iya faɗin shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa ba tare da gargada ba, amma ba su taɓa jin cewa a ƙasarsu Daular Usmaniyya ta yi numfashinta na ƙarshe ba. Laifin ba nasu ba ne.

Kafin a kai ga Burmi an sha hanya. A ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja, ya ce Arewa ta zama tasu, alhali mafi yawan ƙasar bai taɓa taka ta ba. Kwantagora da Bida suka faɗi a farkon 1901, Yola a ƙarshen daminar shekarar, Bauchi a 1902. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuma ya samu dalilin da yake nema. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya fasa Kano, Sarki Alu yana Sakkwato ya je mubaya'a. A kan hanyar dawowa rundunar Kano ta rabu: Wambai Abbas ya koma gida ya karɓi sarauta, Waziri Ahmadu ya yi gaba da gaba da Turawa a Kwatarkwashi ya yi shahada, shi kuwa Alu aka kama shi daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja.

Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida a kan gado ba lokacin da wannan guguwa ta iso ƙofarsa. Ya gaji Sarkin Musulmi Abdurrahman ne a watan Oktoba na 1902, ya tarar da fada a rabe. Wasu na cewa a tsaya a yi yaƙi, wasu na cewa a nemi sulhu, wasu kuma, cikinsu har da Alƙali Abdullahi wanda ya rubuta risala a kan haka, na cewa Musulmin da ya kasa tunkuɗe maƙiyi wajibinsa ne ya yi hijira, kamar yadda Shehu ya yi daga Degel zuwa Gudu shekara 99 kafin nan. Ba a gama wannan muhawara ba Turawa suka iso. Ranar Lahadi 15 ga Maris 1903 aka jeru a filin Giginya, a wajen ganuwar Sakkwato. Barade da takobi da mashi, 'yan baka da kibiya, a gabansu igwa da bindiga mai ruwa. Ba a daɗe ba aka watse. Wasu tsiraru suka tsaya a gindin tuta har aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Attahiru ya nufi gabas. Waziri Buhari da jama'a masu yawa suka taru a Marnona, suka nemi fatawar malamai, daga bisani suka koma gari suka miƙa wuya. Ranar 21 ga wata Lugga ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi, ya kuma gaya wa taron cewa abin da Fulani suka ci da yaƙi yanzu ya koma hannun Turawa da yaƙi.

A lissafin Lugga magana ta ƙare a nan. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren labarin da na fi son a sani, domin shi ne ya bambanta Burmi da kowane filin daga a Arewa. Attahiru ya fita Sakkwato da mutane kaɗan, amma duk inda ya ratsa sai jama'a su bi shi. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Zazzau da ta Kano, ya fito ta Misau. Manoma suka bar gonakinsu ana dab da shuka, mata suka goya 'ya'ya suka ɗora kaya a ka, makiyaya suka koro shanu, masu sarauta suka bar gidajensu a buɗe. Rahotannin jami'an Turawa na waɗannan watanni cike suke da firgici, suna ba da labarin ƙauyukan da suka tarar babu kowa. Wannan ya fi ba su tsoro a kan kowace runduna, don ƙasar da mutanenta suka tashi babu wanda zai biya haraji a cikinta. An daɗe ana riƙe da wata magana tun zamanin Shehu, cewa in ƙarshen daula ya zo jama'a za su yi gabas, su bi ta Dutsen Bima a bakin Gongola, har su sadu da Mahadi. Mutanen da suka bi Attahiru sun gaskata lokacin ne ya yi.

Dubi waɗanda suka taru a wannan tafiya. Akwai Etsu Abubakar na Bida da Turawa suka kora daga gadonsa, akwai Sarkin Misau Ahmadu, akwai Magajin Keffi. Akwai kuma Futawa, mutanen Shehu Umarul Futi, waɗanda Faransawa suka koro tun daga Segu da Bandiagara, cikinsu har da babban malami Alfa Hashim. Su waɗannan sun riga sun ga abin da Nasara ke yi a yamma, sun zo Sakkwato neman mafaka, ga shi kuma mafakar ta rushe. Hausawa, Fulani, Nufawa, mutanen Futa, bayi da 'ya'ya, duk a ayari ɗaya.

Burmi ba garin Sarkin Musulmi ba ne a da. Malam Jibrilla Gaini ne ya mayar da ita sansanin masu jiran Mahadi a shekarun 1880, ya yi shekaru yana yaƙar sarakunan Gombe, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a wannan rikici. Turawa sun kama Malam Jibrilla a 1902 suka kai shi Lokoja, amma almajiransa suna nan cikin ganuwarsu. Mutanen da suka yi wa daula tawaye shekara da shekaru, su ne suka buɗe wa shugaban daular ƙofa ranar da kowa ya rufe tasa. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya iso da sojojinsa yana bin sawun ayarin, mutanen Burmi suka tare shi, aka wuni ana gwabzawa, da dare ya janye da raunanansa ya nufi Bauchi. An kashe mutanen Burmi da yawa a ranar, amma Turawa ne suka juya baya, abin da ba a saba gani ba a yaƙoƙin cin Arewa. Attahiru ya yi ta kai da kawo tsakanin Gwani da gindin Bima, yana aika wa Turawa wasiƙu cewa shi ba faɗa yake nema ba, hanya kawai yake so a ba shi ya wuce gabas. Ba a ba shi ba. Damina ta sauka, kogi ya cika, ga yunwa ga dubban mata da yara, sai ya koma cikin ganuwar Burmi.

Ranar Litinin 27 ga Yuli 1903 Manjo Marsh ya iso da rundunar da aka tattaro daga wurare da dama. Aka buɗe wa ganuwa igwa tun kafin azahar. Kibiya mai dafi ta sami Marsh a farkon faɗan, bai kai yamma ba. Sojojin suka kutsa gari, aka koma faɗa gida gida, lungu lungu, har rana ta faɗi. Turawan da suka halarta sun rubuta da hannunsu cewa ba su gamu da turjiya irin wannan ba a duk yaƙin Arewa. Da ƙura ta lafa aka tarar da gawar Sarkin Musulmi a tsakiyar gawawwakin mutanensa da suka kewaye shi. Magajin Keffi ma a nan ya kwanta. Fiye da mutum 600 ke nan a lissafin waɗanda suka yi kisan, kuma mai kisa ba ya cika ƙidaya.

Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiyar. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja su ta ƙasashen da ke gabas da Tafkin Chadi har Sudan, inda suka kafa garin da ake kira da sunansa, Mai Wurno, a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Jikokinsu suna can har yau, da sarautarsu, da Fulatancinsu da Hausarsu. Alfa Hashim ya isa Madina ya zauna yana karantarwa har ya rasu. Tutar da aka ƙwace a Burmi ta shekara fiye da 50 a hannun rundunar soja, sai a 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka mayar da ita Sakkwato aka danƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. An girmama tutar, kuma ta cancanta. Ƙasar da ta sha jinin masu riƙe da ita ce aka bari a baya.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi haka ta faru, kuma ina ganin dalilan biyu ne, ɗaya na Turawa, ɗaya namu. Aikin adana kayan tarihi a Nijeriya Turawa ne suka fara shi. Kenneth Murray, wanda malamin zane ne tun asali, shi aka fara ɗora wa aikin a 1943, Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953. Mutane ne masu ƙwazo, kuma ba don su ba da an yi asarar abubuwa da yawa. Sai dai idonsu yana kan abin da ake iya gani a yaba: zanen duwatsun Birnin Kudu, Gidan Makama a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, gidan Madaki a Kafin Madaki, kufan Surame, gidan Rabe a Dikwa. Fili fetal da babu gini ba ya cikin lissafinsu, balle filin da ke tuna wa mutane cewa an ci ƙasar nan ne da bindiga mai ruwa. Mafi yawan jerin da muke da shi yau an tsara shi ne a shekarun 1950 da 1960, kuma abin da aka ƙara a kai bayan nan bai taka kara ya karya ba.

Dalili na biyu ya fi nauyin faɗa. Gidajen sarautar da suka riƙe Arewa bayan 1903 gidajen waɗanda suka zauna ne, ba na waɗanda suka tafi ba. Ɗaukaka Burmi a wancan zamani tamkar tambayar kowane sarki ne inda kakansa yake ranar da aka kashe Attahiru. Don haka aka yi shiru, shirun ya zama ɗabi'a. A nan ina so a fahimce ni da kyau: ban ɗauki Waziri Buhari maci amana ba. Wanda ya karanta risalar da ya rubuta yana bayyana dalilinsa zai ga mutum ne da ya kwana yana kuka da zuci, yana tsoron in kowa ya tashi, Sakkwato za ta zama kufai, raunana su rasa mai tsaya musu, addini ya rasa masu karantar da shi. Da shi da Attahiru kowa ya yi ijtihadi a ranar da babu zaɓi mai daɗi. Shekara fiye da 120 ta wuce. Jikokin waɗanda suka zauna da jikokin waɗanda suka tafi sun isa su tsaya a fili ɗaya ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba.

Inda za a gane ko da gaske muke yi shi ne Satiru. Burmi tana da sauƙin so, akwai Sarkin Musulmi a cikinta, akwai tuta, akwai shahada. Satiru ƙauye ne na talakawa, kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, cike da manoma da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ƙarƙashin malaman da ba su da alaƙa da fada. Malam Isa ne ke jagorantarsu, ɗan wani malami da ya yi da'awar Mahadi a 1904 ya mutu a tsare. Sai ga wani makahon malami, wanda aka sani da Ɗan Makaho, ya ƙetaro daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe boren da ya tayar a Kobkitanda. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Hillary, ya tafi da sojojin doki don ya kama shi. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanyoyi da 'yan kibau, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Tun da Turawa suka shigo Arewa ba a taɓa yi musu irin wannan ba, kuma waɗanda suka yi ba barade ba ne.

Ramuwar ta zo ranar 10 ga Maris. An kashe kimanin mutum 2,000, aka bi masu gudu cikin daji, aka kwashe mata da yara dubbai, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Dawakin Sakkwato suna tare da Turawa a wannan rana. An yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Abin ya yi muni har Winston Churchill, wanda yake ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka a lokacin, ya nuna damuwarsa a rubuce kan kisan mutanen da kusan babu makami a hannunsu. Na san akwai waɗanda ba za su so a taɓo wannan ba, suna ganin tonon silili ne. Ni kuwa ina ganin in muka nemi a girmama inda sarki ya faɗi muka tsallake inda talaka 2,000 suka faɗi, to ba tarihi muke nema ba, kirari muke nema. Satiru tana cikin ƙaramar hukumar Dange Shuni, kuma haƙƙinta bai gaza na Burmi ba ko da ƙwayar zarra.

Makonni kaɗan bayan Satiru, ranar 25 ga Afrilu 1906, aka auka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya fito ya yi yaƙi a cikin garinsa har aka kashe shi da manyan fadawansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Haɗejawa ba su manta ba, suna kuma ambatonsa da alfahari. Giginya kuwa gari ya riga ya haɗiye ta. Sunan yana nan a filin wasa, a bariki, a makaranta, amma yaro zai iya shiga filin wasa na Giginya ya kalli ƙwallo ya fita bai san me ake tunawa ba. Wannan shi ne abin da nake tsoron ya sami Burmi, ko da yake ita ba gine-gine ke barazana gare ta ba, garma ce da ruwan sama da mantuwa.

Mene ne amfanin a ce wuri ya zama kayan tarihi na ƙasa? Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke da alhakin wannan. In ta gamsu cewa wuri na buƙatar kariya, takan buga sanarwa a gazet, ta sanar da mai wurin, a saurari masu ƙorafi, sannan a ayyana shi da amincewar shugaban ƙasa. Daga nan rushe shi, ko haƙa a cikinsa, ko sauya masa kama ba da izini ba ya zama laifi, kuma hukumar na da hurumin sa masa mai kula. Amma akwai gaɓar da masu wannan fafutuka kan manta. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, fili a hannun gwamnan jiha yake. Ma'ana, Abuja ba za ta iya kare filin da Gombe ko Sakkwato ba su auna sun shata masa iyaka ba. Aikin daga gida zai fara: safiyo ya fita da kayan awonsa, a san inda ganuwar Burmi ta bi, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da takardar fili da sunan wurin. Manoman da ke noma a ciki kuma ba ɓarayi ba ne, gadon iyayensu suke nomawa. A zauna da su, a biya su diyyar da ta dace, a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi da yi wa baƙi jagora. Wurin tarihin da aka ƙwace daga hannun maƙwabtansa da ƙarfi ba ya daɗewa.

Ba na kuma yaudarar kaina cewa takarda kaɗai za ta wadatar. Badalar Kano tana cikin jerin tun tuni, tana ma cikin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007 don a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihi na duniya, amma duk mai wucewa ta BUK Road ya ga yadda aka yanka ta aka yi shaguna da gidajen mai. Takardar tana ba mai kishi abin riƙewa ne in ya je kotu ko gaban majalisa. Wanda ba shi da ita ko bakin magana ba shi da shi. Tare da ita kuma akwai aikin da ba ya jiran sa hannun kowa. Jami'o'inmu na Gombe da Kashere da Sakkwato da Zariya suna da sassan tarihi, Zariya tana da masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. Filin da aka yi yaƙi da igwa da kibiya yana riƙe da shaidarsa a cikin ƙasa, kwanson harsashi, bakin kibiya, tushen ganuwa, kuma wuraren da waɗannan abubuwa suke kwance su ne ke nuna ta ina aka shigo da inda aka tsaya. Kowace damina garma na ƙara rikita su. Akwai kuma tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu a Bajoga da Nafada da Ashaka da Gwani. A can Sudan ma, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kai jihar Sinnar ya tarwatsa mutane da yawa, ga shi a can ne rabin labarin Burmi yake, a ƙirazan mutanen Mai Wurno da cikin takardun gidajensu.

Wani malami da nake girmamawa ya taɓa ce mini yana tsoron wannan kira, kada a mayar da kabarin Attahiru wurin neman tabarraki, a yi ta ɗibar ƙasa ana shafawa. Tsoronsa yana da tushe, kuma ban raina shi ba. Amsata ita ce babu wanda ya nemi a gina ƙubba. Duk alhajin da aka kai ziyara Uhudu ya ga yadda aka yi: an kewaye maƙabartar shahidai, babu gini a kan kabari, ga alluna suna bayyana abin da ya halatta da abin da bai halatta ba, ga dutsen maharba kowa na hawa yana ganin yadda yaƙin ya gudana. Wurin da babu mai kula da shi ne ya fi zama abin tsoro ta wannan fuska, don a nan ne kowa ke yin abin da ya ga dama. Kabarin Manjo Marsh ma a bar shi inda yake, a kula da shi. Yana cikin shaidar abin da ya faru, kuma mu ba a san mu da wulaƙanta matacce ba.

Wani kuma zai ce wannan tarihin Musulmin Arewa ne, me ya haɗa shi da ƙasa baki ɗaya? Sojojin da suka harba bindiga mai ruwa a Giginya da Burmi da Satiru, in ka cire hafsoshi da 'yan tsirarun Turawa, 'yan ƙasar nan ne, akasarinsu Hausawa da Yarabawa, kuma rundunarsu ce ta rikiɗe ta zama sojan Nijeriya na yau. Ba don an ci Arewa a 1903 ba, da babu abin da za a haɗe a 1914. Ƙasar da muke riƙe da fasfonta a waɗannan filaye aka yanke mata cibiya. A Umuahia an kafa gidan tarihin yaƙi na ƙasa a 1985, an adana kayan yaƙin basasa da ramin da Ojukwu ya yi mafaka, kuma daidai ne da aka yi haka, ko da yake raunin bai gama warkewa ba a lokacin. Habasha ta gina katafaren wurin tunawa da yaƙin Adwa na 1896 a tsakiyar Addis Ababa. Za a ce ai su nasara suka yi. To Sudan fa, da aka karkashe mata dubban Ansaru a Karari a 1898, ta kuma riƙe sunan wurin da daraja, ta adana gidan Halifa Abdullahi a Omdurman a matsayin gidan tarihi? Ba sai an ci yaƙi ake tuna waɗanda suka tsaya ba.

An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, aka yi shekaru kafin a fara maido shi. Yanzu da ya dawo, malamin da zai koyar da 1903 yana buƙatar wurin da zai kai ɗalibansa su taka da ƙafarsu, su ga tsawon ganuwa, su ga inda kogi yake, su karanta sunaye a jikin allo da Hausa da Fulatanci da Ingilishi da ajami. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Gwamnatocin Gombe da Sakkwato da Jigawa da Zamfara su auna filayen Burmi da Satiru da Kwatarkwashi, da abin da ya saura na Giginya da wuraren shahadar Haɗeja, su miƙa su ga hukumar ƙasa a takarda ɗaya, a matsayin wuraren yaƙin cin Arewa na 1903 zuwa 1906. Majalisar Sarkin Musulmi da masarautun Gombe da Funakaye da Haɗeja su sa albarka, domin in sun yi magana ba a tsallakewa. 'Yan majalisar tarayya da ke wakiltar waɗannan yankuna su bi takardar ofis ofis har ta fito a gazet. Kai kuma mai karatu, in hanya ta bi da kai ta Bajoga, ka tsaya ka tambayi hanyar Mbormi, ka je da 'ya'yanka, ka yi wa mutanen da ke kwance a wurin addu'a.